Garin Schwaz na Ostiriya: ina kuɗin azurfar ya tafi, kuma da me suke ci yanzu?

Yar_Katsina:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya ga masu sanin tarihin Turai ko waɗanda ke zaune ta wannan yankin. Ina karatu ne a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, to in mutum ya hau jirgin ƙasa ya yi gabas kamar zai shiga Jamus, tafiyar wajen kilomita 30 zai iske wani ɗan gari wai shi Schwaz a bakin kogin Inn, duwatsu sun sa shi tsakiya ta ko'ina. Mutanen garin duka-duka wajen 14,000 ne amma shi ne hedikwatar gundumar, nan ofishin gunduma yake da kotu da babban asibiti. Abin da ya ɗaure min kai shi ne gine-ginen tsakiyar garin sam ba su yi kama da girman garin ba. Akwai wata coci da wlh in ka shiga sai ka ɗauka a wani babban birni kake, rufinta kaf jan ƙarfe ne, ga wasu tsofaffin gidaje masu kaurin bango da tsakar gida hawa-hawa, ga wata hasumiya can kan tudu tana kallon gari. Duk wanda ka tambaya amsa ɗaya ce, azurfa, su kansu birnin azurfa suke ce wa garin nasu.

To in har azurfar ta kai yadda suke faɗa, don na ga har ana rubuta wai kashi 85 cikin ɗari na azurfar duniya daga nan take fitowa a da, me ya hana garin zama kamar Biyena ko Munich? Ina kuɗin ya tafi? Kuma da ta ƙare da me suka ci gaba da rayuwa, don ni dai ban ga alamar talauci a garin ba ko kaɗan. Mai ƙarin bayani ya taimaka, na gode.

Baba_Tarihi:

Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kuɗin nan bai taɓa zama a garin ba, ta cikinsa ya bi ya wuce, kuma in kika bi sawunsa za ki tarar da shi a wuri biyu, birnin Augsburg na Jamus da kuma aljihun sarakunan gidan Habsburg, wato gidan sarautar da ke mulkin Ostiriya a lokacin.

Garin tsoho ne, tun wajen shekarar 930 sunansa ya fito a takarda, hasumiyar da kika gani kan tudu kuma ta gidan sarautar Freundsberg ce tun ƙarni na 12, amma a lokacin ƙauye ne kawai. Su suna da tatsuniyarsu cewa a 1409 wata baranya mai kiwo ta ga bijimi ya tone ƙasa da ƙaho sai ga dutse yana ƙyalli, wannan dai labarin kaka da jika ne, don masu tonon tarihi sun gano tun dubban shekaru kafin nan ana haƙar jan ƙarfe a duwatsun. Abin da ya tabbata shi ne daga farkon ƙarni na 15 aiki ya kankama a dutsen Falkenstein, mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasashen Jamus da Bohemiya (ƙasar Czech ta yanzu), kafin a kai 1520 ana ƙiyasta mutum 20,000 ne a wurin, a duk ƙasar Ostiriya ta lokacin Biyena kaɗai ta fi shi jama'a. A 1523 kawai an fitar da azurfa tatacciya sama da tan 15.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A dokarsu duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na sarkin Tirol ne, wato yankin da Schwaz ke ciki, mai rami yana ba shi ushiri na ɗanyen dutsen da ya fitar, sannan azurfar da ya tace dole sarki zai sayar wa a farashin da sarki ya yanka, wanda bai kai na kasuwa ba. Sarkin Tirol na ƙarshen ƙarni na 15, Sigmund, mutum ne mai hannu sake, ga gine-gine ga fada cike da 'yan cin arziki, shi ne ya ɗauko gidan buga kuɗi daga Meran ya kawo garin Hall a 1477 don ya matso kusa da azurfar, a 1486 ya buga wani ƙaton tsabar azurfa da ya zama abin koyi a Turai, amma duk da haka kullum cikin bashi yake. Ya je ya tsokano yaƙi da Venice a 1487, kuɗi ya yanke, sai ga Jakob Fugger attajirin Augsburg ya miƙo hannu. A 1488 ya ba shi rancen gulden 150,000 (gulden shi ne kuɗinsu na lokacin), jinginar kuwa ita ce azurfar Schwaz, wato maimakon ta shiga taskar sarki sai ta wuce hannun Fugger a wancan farashin mai arha shi kuma ya kai kasuwa ya sayar da tsada. Ɗan uwansa Maximilian, shi ma ɗan gidan Habsburg, ya karɓi Tirol a 1490 ya ɗora daga inda Sigmund ya tsaya, shi kuma yaƙe-yaƙe da aurarrakin siyasa ne suka cinye shi, kafin a haƙo azurfar bana an riga an ci kuɗin ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa.

Babban misali shi ne 1519 da za a zaɓi sabon sarkin daular Jamusawa ta lokacin, wadda ake kira Daular Rum Mai Tsarki, masu zaɓe mutum bakwai ne kuma kowa da farashinsa. An kashe kusan gulden 850,000 don jikan Maximilian wato Karl na biyar ya samu, sama da 540,000 daga hannun Fugger suka fito, kuma wani kaso mai tsoka na biyan wannan bashin a kan ramukan Tirol aka ɗora shi. Har wasiƙa Fugger ya rubuta wa sarkin daga baya yana tuna masa cewa ba don shi ba da bai ga wannan rawanin ba. Kin ga kenan leburan da ke cikin rami a Schwaz shi ya biya kuɗin sarautar da ko labarinta ba lallai ya ji ba.

Kuma ki lura, duk wannan yawan jama'ar garin bai samu matsayin birni ba, kasuwa kawai ake ɗaukarsa, ba ganuwa ba majalisar birni mai ƙarfi, masu haƙa ma alƙalinsu daban ne na harkar ma'adinai. Sai a 1899 sarki Franz Joseph ya ba shi matsayin birni, lokacin azurfar ta daɗe da zama labari. Garin da ba shi da bakin magana a kan dukiyarsa ta yaya zai zama Biyena?

Faɗuwar kuma a hankali ta zo. Ramuka suka yi zurfi, dutsen ya rage albarka, sannan a 1545 Sifaniyawa suka gano dutsen azurfa na Potosi a Kudancin Amurka, azurfa ta cika Turai. Attajiran gida irin su Stöckl da Tänzl suka karye a tsakiyar ƙarnin, su Fugger suka ja har 1657 suka tattara nasu-ya-nasu. Na ƙarshe shi ne watan Mayun 1809 lokacin yaƙin Napoleon, sojojin Bavaria suka banka wa garin wuta, gidaje sama da 400 suka ƙone, daga nan Schwaz ya zama ɗaya daga cikin matalautan garuruwan Tirol na tsawon shekaru.

Dan_Bukuru:

Baba Allah ya ƙara lafiya, bayani ya yi. Amma ni a matsayina na wanda ya karanci haƙar ma'adinai zan ɗan ja da ku a wuri ɗaya, in an yi min izini.

Da farko ƙanwata zancen kashi 85 ɗin nan ki ajiye shi gefe, magana ce ta jan 'yan yawon buɗe ido. A daidai wannan lokacin ana haƙar azurfa sosai a Saxony da Bohemiya da Hungary, ga Japan ga ƙasashen musulmi, wa ya auna na duniya duka a 1500 balle ya fitar da kaso? Abin da za ki iya faɗa ba tsoro shi ne Schwaz na cikin manya-manyan wuraren haƙar azurfa na Turai a zamaninsa, wasu ma na cewa shi ne kan gaba, wannan ya isa.

Na biyu mutane na mantawa da jan ƙarfe, alhali dutsen nan gauraye yake, jan ƙarfen ya ninka azurfar sau da yawa a nauyi. Raba su shi ne gwanintar, sai a narka da dalma, azurfar ta bi dalmar ta fita ta bar jan ƙarfen, sannan a sake ƙona dalmar a bar azurfa zalla. To wannan aiki yana cin dalma da gawayi kamar me, dalmar daga wasu ramukan ake ɗaukowa har daga Bleiberg can Kärnten a kudancin Ostiriya, itace kuwa sai da suka aske dazukan kusa, maƙeran narkarwa suka koma Jenbach da Brixlegg. Abinci ma kwarin ba zai iya ciyar da mutum 20,000 ba, hatsi daga Bavaria ake jawo shi ta kogin Inn, shanun yanka har daga Hungary ake koro su. Kin ga wani kason kuɗin nan ma ta cikin ciki ya fita.

Amma babban abokin gabar su ruwa ne, ni a ganina tun kafin Potosi ruwa ya fara kashe su. A 1491 suka fara babban ramin Sigmund daga gindin dutse, da guduma da kurfi kawai a dutse mai taurin tsiya, daga 1515 kuma suka nutsa rijiya daga cikinsa har wajen mita 240 ƙasa da kwarin. Duk wanda ya taɓa aikin rami ya san da zarar ka sauka ƙasa da inda ruwa zai fita da kansa ka shiga uku. Sai da suka ɗauki mutum wajen 600 ba abin da suke yi sai ɗibar ruwa, a jere kan tsani, wannan ya miƙa wa wannan gugan fata dare da rana, ki lissafa albashin mutum 600 da ko ƙwayar azurfa ba sa haƙowa. A shekarun 1550 ne aka kafa wani ƙaton injin katako a cikin dutsen wanda ruwa ke juya shi yana jawo manyan salkunan fatar shanu, ya taimaka ƙwarai har daga wasu ƙasashe ake zuwa kallo, amma tsadar fitar da kowane awo na azurfa ta riga ta hau.

Inda na saba da Baba shi ne cewa kuɗin wucewa kawai ya yi. Eh mafi yawa ya tafi, amma masu haƙan nan ba bayi ba ne kuma ba su yarda an mayar da su ba. Awa takwas suke aiki tun a wancan zamanin, suna da ƙungiya, ana cire musu ɗan abu a albashi ana kula da gidan jinya na waɗanda rami ya nakasa, suna da 'yancin da manomin ƙauye bai da shi, kuma in masu ramuka suka matsa musu da tsadar abincin da suke ba su a madadin albashi sai su ajiye aiki, a 1525 dubbansu suka ɗunguma suka nufi wajen sarki Ferdinand mai mulkin Tirol a lokacin da kokensu. Akwai wani littafin hannu na 1556 mai zane-zane da ya nuna tsarin aikin dalla-dalla. Mu nan Filato mun ga irin haƙar da kuɗinta ke wucewa da gaske, kuza ta tafi Ingila shekara da shekaru, da kasuwarta ta rushe a 1985 abin da aka bar mana kududdufai ne da ke cin yara da shanu. A Schwaz aƙalla masu ramukan farko 'yan ƙasa ne, a garin suke kwana a garin za a binne su, shi ya sa suka yi gini.

Maizane:

Dan_Bukuru ka taɓo inda nake so. Ƙanwata in kin koma ki sake shiga cocin nan ki tsaya daga ƙofa ki kalli gaba, za ki ga abin da ba kasafai ake gani ba, wurin tsayawar limamai biyu ne gefe da gefe, layin ginshiƙai kuma ya bi ta tsakiyar ginin ya raba shi biyu. An fara ta a 1460 mai sahu uku kamar kowace, ba a jima da gamawa ba gari ya tumbatsa ta yi kaɗan, sai daga 1490 zuwa 1502 aka faɗaɗa ta ta koma sahu huɗu bisa tsarin Erasmus Grasser na Munich. Kuma ba don kyau aka yi haka ba, katangar katako aka kafa a tsakiya, 'yan gari gefe ɗaya masu haƙa gefe ɗaya, saboda ba sa ga maciji, 'yan gari na ganin waɗannan baƙi ne 'yan ta-more masu kuɗi a hannu da wuƙa a ƙugu, su kuma suna ganin ai da guminsu aka yi ginin. An cire katangar daga baya amma tsarin ginin bai ɓoye komai ba. Ita ce mafi girma a irinta a duk Tirol, rufin da kika gani kuma falle-fallen jan ƙarfe ne wajen 15,000 da aka buga da hannu, a zamanin da jan ƙarfe kuɗi ne tsaba, wannan nuna isa ne ƙarara. In ana hawa da mutane ki hau ki ga katakon da ke riƙe da rufin, ni ya fi burge ni a kan duk adon da ke ƙasa. Za ki kuma ga hasumiyar ƙararrawa ta biyu tsaye ita kaɗai a gefe, wannan sabuwa ce ta wajen 1910, tsohuwar ce ta fara karkata aka ji tsoron nauyin ƙararrawa, cikinsu har da wata babba da aka zuba tun 1503.

Sai gidan 'yan ɗariƙar Faransiskan da Maximilian ya kafa a 1507, barandar da ta zagaye tsakar gidan duk zane ne a bango na shekarun 1520, kuma in kika duba da kyau akwai tambarin waɗanda suka biya kuɗin kowane sashe, attajirai da ƙungiyoyin sana'a, kowa na so a san ya bayar. Ginin da ke zaman ofishin magajin gari yanzu asalinsa gidan kasuwancin 'yan uwan nan Stöckl ne na farkon shekarun 1500, tsakar gida mai baranda hawa-hawa da bakuna. Gidan Fugger na wajen 1525 ne, kuma ni abin da nake lura da shi shi ne bai fi na 'yan gida ƙawa ba duk da sun fi kowa kuɗi, ofis ne da masauki, ainihin gininsu na alfahari yana Augsburg, wannan kam ya goyi bayan Baba. In kina son ganin inda attajirin gida ya zuba kuɗi ki tsallaka kogi ki je fadar Tratzberg da 'yan gidan Tänzl suka sake ginawa daga 1500.

Abu ɗaya dai kada ki ɗauka duk tsohon gari haka yake tun asali, gobarar 1809 ta cinye mafi yawa, abin da ya tsira shi ne mai kaurin dutse, gidajen leburori na katako da suka watsu a gangaren dutse kusan ba abin da ya rage. Abin da muke kallo yau rabon masu hali ne kawai.

Dan_Agadas:

Salamu alaikum, ku gafarce ni na shigo tsakiyar zance. Baba da kuka ambaci gidan buga kuɗi na Hall sai na tuna, mu nan wajen maƙeran Buzaye tsofaffi na faɗin da can tsabar azurfa mai hoton wata mata mai jiki suke narkewa su yi zobba da kayan wuya, an ce ta Ostiriya ce, har yau ana samun ta jefi-jefi wajen masu sai da kayan da. Kenan azurfar wannan garin ce ta iso har wajenmu?

Baba_Tarihi:

Wa alaikassalam ɗana. Matar ita ce sarauniya Maria Theresa, kuma gaskiya ne kuɗinta ya ratso Sahara ta Tarabulus ya yi yawo a Agadas da Borno da ƙasar Hausa, Heinrich Barth ya tarar ana ciniki da shi a Kukawa a shekarun 1850. Hall na cikin wuraren da aka buga shi. Amma kada mu haɗa abin da bai haɗu ba, an fara buga shi a 1741, wajen shekara ɗari biyu bayan ganiyar Schwaz, lokacin abin da ramukan ke bayarwa ya zama kaɗan. Kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta, shekarar 1780 ake rubutawa a jiki ko yaushe aka yi shi, gidan Hall an rufe shi a 1809, aka ci gaba a Biyena, daga baya har London da Rum da Bombay sun buga. Don haka wanda ke hannun maƙeranku da wuya a ce daga dutsen Falkenstein ya fito. Dangantakar da ke akwai ita ce shi jikan wancan ƙaton tsabar ne na 1486, wanda shi kam da azurfar Schwaz aka yi shi.

Dan_Bukuru na ji hujjarka, amma awa takwas a cikin ruwan sanyi da hayaƙin fitilar kitse, mutum bai cika kai tsufa ba, ban san ko su za su kira shi rabo ba.

Usman_Jenbach:

Kowa ya yi tarihi ba wanda ya amsa mata tambayar ƙarshe, da me suke ci yanzu lol. Ni a gundumar nake aiki don haka bari in faɗi abin da ido ke gani.

Yar uwa azurfa yau ba ta ciyar da kowa sai masu sayar da tikitin shiga rami. Bayan gobarar nan abin da ya fara ɗaga garin masana'antar taba ce da gwamnati ta kafa a 1830 takanas don mutane su samu abin yi, mata ne suka fi yawa a ciki, ta yi aiki har 2005 aka rufe, yanzu a filin ne aka gina katafaren wurin sayayyar nan da ke kusa da kogi. Jirgin ƙasa ya iso a 1858. Sai Tyrolit da Daniel Swarovski ya kafa a 1919, suna yin dutsen wasa ƙarfe da faifan yankan kankare da su dutse, hedikwatarsu na Schwaz kuma sama da mutum dubu ke ci a nan, sai Adler masu fenti musamman na katako, kamfanin iyali ne tun 1934. In ka ɗan fita gari akwai Darbo masu jam a Stans, akwai Eglo masu fitilu a Pill, ga Jenbacher nan inda nake zaune masu manyan injinan wuta na gas, waɗanda har a wasu masana'antun Najeriya ana amfani da su. Ba wani abin ƙyalli a ciki, faifan gurza ƙarfe da fenti da jam, amma su ne ke biyan albashi duk wata kuma su ke ɗaukar yara koyon sana'a tun suna shekara 15, yaro na zuwa makaranta yana zuwa aiki ana biyansa.

Sai kuma zaman sa hedikwata, wannan ba ƙaramin abu ba ne, asibiti da makarantun sakandare da kotu da ofisoshi duk albashi ne da ba ruwansa da kasuwar duniya, kuma duk mutumin kwarin Zillertal da na tafkin Achensee dole wata rana takarda ta kawo shi Schwaz. Kuɗin yawon buɗe ido na gaske ma can yake ba cikin garin ba, su Mayrhofen, da kuma Hintertux inda ake wasan zamiya kan ƙanƙara kusan duk shekara, lokacin sanyi in ka ga cunkoson motocin Jamusawa da 'yan Holan ranar Asabar a bakin kwarin sai ka rantse biki ake.

Haƙa kuwa ba ta mutu da wuri ba kamar yadda ake zato, an yi ta ɗan taɓawa har 1957, lokacin yaƙin duniya na biyu ma 'yan Nazi sun fafe wani ƙaton zaure a cikin dutsen suka sa mutanen da aka kamo aikin dole suna haɗa sassan jirgin yaƙi na Messerschmitt, wannan ba a cika sa shi a takardar talla ba. Daga baya aka koma fasa dutsen dolomait, sai ranar 10 ga Yulin 1999 wani ɓangare na dutsen Eiblschrofen ya rufto ta saman unguwa, aka kwashe mutane daga gidajensu aka gina manyan shingaye, daga nan aka rufe aikin gaba ɗaya. Dan_Bukuru kai za ka fi mu sanin ko ramukan da ke ciki ne suka jawo, don har yau in ka tayar da zancen wajen tsofaffin garin sai an yi musu.

Ba ki ga talauci ba amma ki tambayi kuɗin haya, nan ne kukan kowa. Ƙasar Tirol wajen kashi 12 cikin ɗari ne kawai ake iya zama a kai, sauran dutse ne, to a ɗan tsirin kwarin nan ake so a sa gida da gona da masana'anta da layin dogo da babbar hanyar da manyan motoci sama da miliyan 2 ke bi duk shekara suna haurawa Italiya ta mashigar dutse ta Brenner. Mai aikin masana'anta albashinsa ba laifi amma haya na iya cinye kusan rabi in yana da iyali, 'ya'yan garin da yawa sun haƙura da zancen mallakar gida sai dai gado.

In kin koma akwai gidan tarihi na al'adun duniya da wani mai ɗaukar hoto ɗan garin Gert Chesi ya kafa a 1995, ya daɗe yana yawo a Afirka ta Yamma har ya yi rubutu kan kayan Nok, za ki sha mamakin ganin kayan yankinmu a ƙauyen Tirol. Ramin kuma ɗan ƙaramin jirgi ne ke shiga da mutane mita 800 cikin dutse, ki tafi da rigar sanyi don digiri 12 ne a ciki ko ana tsakiyar zafi a waje, kuma in kin san matsattsen wuri na tayar miki da hankali kada ma ki sayi tikitin, hanyar shigar ko hannu ba a miƙewa.